Ido Ba Mudu Ba: Gudun Jini a Reshen Gefe Bayan Sanya Raga a Uwar Jijiyar Hagu ta Zuciya

Tsakure

Idan uwar jijiyar hagu ta zuciya ta tsuke, ɗaya daga cikin hanyoyin gyara ta shi ne a shimfiɗa ragar ƙarfe a cikinta, tun daga tushe har zuwa cikin babban reshenta na gaba. Wannan aiki kan bar ɗaya reshen a bayan raga, kuma sau da yawa hoton da aka ɗauka nan take kan nuna bakin reshen ya matse. Maƙalar ta bi diddigin binciken da aka wallafa daga 2005 zuwa 2021 domin amsa tambaya guda: shin matsewar da ido ke gani a hoto daidai take da raguwar jinin da tsokar zuciya ke samu? An gano cewa a mafi yawan lokuta ba daidai suke ba. Hoto kan zuzuta matsalar, awon matsin jini kuma kan wanke reshen da ido ya tuhuma. Sai dai akwai 'yan tsirarun marasa lafiya da awon ke tabbatar da tuhumar a kansu, kuma makomarsu ta sha bamban da ta sauran. An gabatar da bayanin cikin Hausa tare da keɓe wasu kalmomi na fannu.

Fitilun kalmomi: uwar jijiyar hagu, mararraba, raga, reshen kewaye, awon matsi

1.0 Gabatarwa

Duk jinin jiki ta cikin zuciya yake bi, amma kusan ba ta amfana da komai daga jinin da ke ratsa ɗakunanta. Abincinta na zuwa ne ta jijiyoyi biyu da suka tsiro daga gindin babbar jijiyar jiki, wadda likitoci ke kira awota, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Ta hagun gajeruwa ce. Galibi tsawonta kimanin santimita ɗaya ne, faɗinta kuma milimita 4 zuwa 5, daga nan sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya gangara ta gaban zuciya, ɗayan kuma ya kewaya ta gefen hagu zuwa baya. A jikin yawancin mutane, wannan ɗan guntun bututu shi ke ciyar da fiye da kashi uku cikin huɗu na tsokar babban ɗakin hagu, wato ɗakin da ke harba jini zuwa ga sassan jiki. Ke nan tsukewarsa ba kamar tsukewar kowace jijiya ba ce.

Shekaru masu yawa, maganin wannan tsukewa tiyata ce kawai. Tun bayan da René Favaloro ya daidaita aikin ratse a Cleveland ta Amurka a 1967, inda ake ɗauko wata jijiya a tsallake da ita wurin da ya tsuke, uwar jijiyar hagu ta zama gonar likitocin fiɗa. Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a watan Satumban 1977, Jacques Puel da Ulrich Sigwart suka fara sanya raga a 1986, sannan ragar da aka shafe da magani mai hana sake tsukewa ta shigo a 2002 da 2003. Daga nan ne aka fara gwada aikin raga da tiyata kafaɗa da kafaɗa, a binciken SYNTAX na 2009, da na EXCEL da NOBLE waɗanda aka fitar a 2016. Biyun ƙarshe ba su yi baki ɗaya ba, kuma muhawararsu ba ita ce damuwar wannan maƙala ba. Damuwarta ta fara ne daga lokacin da aka riga aka zaɓi raga, aka sanya ta, likita yana tsaye yana duban allo, ya ga bakin reshen da ya kewaya ya zama siriri. Cikin 'yan mintuna dole ya yanke shawara: ya taɓa shi, ko ya bar shi.

2.0 Kalmomin Aiki

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya masu yawa. Da ita ake kiran bututun jini, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, har ma da saiwar itace. A wannan maƙala ana nufin bututun da ke kai jini ga tsokar zuciya kaɗai. An kira guntun da bai rabu ba uwar jijiya, wurin rabuwar mararraba, rassan biyu kuma reshen gaba da reshen kewaye. Ɗan siririn naman da ya raba bakunan rassan biyu, kamar tsakiyar gwafa, an kira shi tsinin mararraba. Abin da likitoci ke kira sitent, wato ɗan bututun ƙarfe mai huji-huji da ke tokare bangon jijiya daga ciki, an kira shi raga. Hoton da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa mai bayyana a na'urar haske shi ne hoton rini.

Akwai kalmomi biyu da ya wajaba a raba su tun yanzu, domin a maganar yau da kullum ana cakuɗa su. Tsukewa ita ce raguwar faɗin hanya. Toshewa ita ce rufewarta. Mai cewa jijiyar wane ta toshe yana iya nufin kowace daga ciki, alhali tsakanin biyun akwai tazara mai nisa, kuma dukkan abin da za a tattauna a nan a cikin wannan tazara yake.

3.0 Abin da Raga ke Yi wa Mararraba

A mafi yawan masu cutar uwar jijiya, daskararren kitsen da ya tsuke hanya ba ya tsayawa a tushe ko tsakiya, yakan kai har mararraba. Domin bayyana inda ya taɓa, Alfonso Medina da abokan aikinsa a Sifaniya suka fito da wani tsari mai sauƙi a 2006: lambobi uku, na farko na uwa, na biyu na babban reshe, na uku na reshen gefe, a sa 1 idan tsukewar ta kai rabi, a sa 0 idan ba ta kai ba. Mai 1,1,0 reshen kewayensa lafiya lau yake kafin a fara aiki. Mai 1,1,1 kuwa duk hanyoyin uku sun kamu. Wannan bambanci zai dawo daga baya.

Hanyar da aka fi bi ita ce raga ɗaya. Ana zura siririyar waya a cikin kowane reshe, a shimfiɗa ragar daga uwa zuwa reshen gaba, ta ratsa ta bakin reshen kewaye. Daga wannan lokaci jinin da zai shiga reshen kewaye sai ya bi ta hujojin raga, shi ya sa likitoci ke kamanta shi da fursuna mai leƙe ta tsakanin ƙarafa. Sai dai ƙarafan ragar zamani sirara ne ƙwarai, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a yawancinsu, don haka ba su ne ke matse bakin ba.

Da farko an ɗauka kitse ne ke gocewa. Wato idan raga ta buɗe, ta danne kitsen da ke bango, sai ya malala zuwa bakin maƙwabci, kamar yadda laka ke fita ta gefen takalmi. Hakan na faruwa, amma hoton cikin jijiya da ake ɗauka da sauti ya nuna cewa akwai wani dalili da ya fi shi yawa. Tsinin mararraba galibi ba ya tara kitse, domin a nan jini ya fi gudu da gogar bango. Kitse ya fi taruwa a bangayen waje, inda gudun ke lafawa. Abin da ke faruwa shi ne, raga idan ta buɗe a bakin reshen gaba, sai ta ture tsinin kansa zuwa ɓangaren reshen kewaye. Bakin da a da yake da'ira sai ya koma siffar ƙwai: ya matse ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma yana nan yadda yake, ko ma ya ɗan ƙara tsawo. An kuma lura cewa turewar ta fi tsanani idan kusurwar da ke tsakanin rassan biyu ƙarama ce.

A nan ne hoton rini ke yaudarar ido, domin inuwa ce kawai ta abu mai kauri da faɗi da zurfi. Ga misali na lissafi. Bakin reshe mai faɗin milimita 3.0 yana da fili na kimanin murabba'in milimita 7.1. A ce tsini ya ture shi ya zama milimita 1.5 ta fuska ɗaya, 3.4 ta ɗayar. Na'urar da ta hango shi ta siririyar fuska za ta nuna tsukewa ta kashi 50 cikin 100. Mai kallo, ba tare da ya sani ba, yana ɗauka har yanzu da'ira ce mai faɗin 1.5, wadda filinta bai wuce murabba'in milimita 1.8 ba. Hasali kuwa filin da ya rage ya kai 4.0, fiye da ninki biyu na abin da ido ya ƙiyasta. Bugu da ƙari, bakin reshen kewaye na daga cikin wuraren da suka fi wuyar gani a hoton rini, saboda rassan kan hau juna a allo, kuma reshen yakan lanƙwashe da zarar ya fito.

Akwai kuma batun girman raga. Uwa ta fi 'ya'yanta kauri, kuma kaurin yana bin ƙa'ida. Cecil Murray ya bayyana asalin wannan ƙa'ida a 1926, Gérard Finet da abokan aikinsa a Faransa kuma suka sauƙaƙa ta ga jijiyoyin zuciya a 2008: a haɗa faɗin rassan biyu, a ninka da 0.678, a sami faɗin uwa. Idan reshen gaba milimita 3.5 ne, na kewaye 3.0, uwa za ta kai kimanin 4.4. Likitan da ya zaɓi raga daidai da uwa zai cusa abu mai faɗin 4.4 a bututun 3.5, ya ture tsini da ƙarfi. Wanda ya zaɓi daidai da reshen gaba kuwa ya bar raga tana lilo a cikin uwa. Mafitar da Ƙungiyar Mararraba ta Turai, wadda aka kafa a 2004, ta yaɗa ita ce a zaɓi raga da awon reshen gaba, sannan a shigar da gajeren balan-balan mai kauri a faɗaɗa ɓangaren da ke cikin uwa kaɗai, a tsaya daf da tsini. Wannan faɗaɗawa tana manna raga da bango, tana kuma buɗe hujojin da ke fuskantar reshen kewaye.

4.0 Tsukewa da Ƙarancin Jini

Ko da ido ya auna faɗi daidai, akwai tambaya ta biyu da hoto ba zai taɓa amsawa ba: nawa ne jinin da ake buƙata a bayan wannan baki? Mai lambu ya san wannan. 'Yar kafar da za ta ƙosar da fangali ɗaya ba za ta ishi fangali goma ba, alhali faɗinta bai canza ba. Abin da ke sa kafa ta zama matsala shi ne girman abin da ke jiran ruwa a bayanta.

Haka abin yake a jijiya. Jinin da ke ratsa wuri mai tsuku yana asarar matsi ta hanya biyu. Ta farko gogayya ce da bango, wadda ke ƙaruwa da tsawon wurin da ya tsuke. Ta biyu hargitsewar da jini ke yi ne idan ya fito daga matsi ya faɗa fili, ita kuma tana ƙaruwa ninki huɗu duk lokacin da gudun ya ninka biyu. Matsewar da turewar tsini ke haddasawa gajeruwa ce ƙwarai, don haka asarar farko kaɗan ce. Reshen kewaye kuma a yawancin mutane yana ciyar da tsokar da ba ta kai ta reshen gaba ba, don haka asara ta biyu ma ba ta da yawa. Tun a 1974 Lance Gould ya nuna a gwajin karnuka cewa gudun jini a lokacin hutu ba ya raguwa sai tsukewa ta kai wajen kashi 85 cikin 100, amma iyakar gudun da jijiya za ta iya bayarwa lokacin buƙata kan fara raguwa tun kafin tsukewa ta kai rabi. Ke nan awo mai ma'ana shi ne wanda aka yi lokacin da tsoka ke neman iyakar abin da za ta samu.

Wannan shi ne tushen awon da Nico Pijls na Holan da Bernard De Bruyne na Beljiyam suka gina a shekarun 1990, wanda aka fi sani da haruffan FFR. Ana zura waya mai ɗauke da ɗan ma'aunin matsi kusa da bakinta, a wuce da ita wurin da ya tsuke. Sai a ba da magani, galibi adinosin, wanda ke buɗe ƙananan jijiyoyin cikin tsoka gaba ɗaya, kamar mutum yana tsaka da gudu. Daga nan a raba matsin da ke bayan tsukewa da matsin awota. Idan awota na nuna 95, bayan tsukewa kuma 84, sakamakon 0.88 ne, ma'ana reshen na bayar da kashi 88 cikin 100 na abin da zai bayar da babu tsukewar. Idan bayan tsukewa 70 ne, sakamakon 0.74 ne. A aikin 1996 an sa iyaka a 0.75. Binciken FAME na 2009 ya yi amfani da 0.80, kuma ita ce iyakar da aka fi bi a yau.

5.0 Abin da Awo Ya Nuna

Mafi yawan shaidar da ta shafi tsararren reshe daga Koriya ta Kudu ta fito. Koo da abokan aikinsa (2005) sun auna rassa 94 da raga ta tsare a mararrabu daban-daban na zuciya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda tsukewarsu ba ta kai kashi 75 cikin 100 ba da awonsa ya faɗi ƙasa da 0.75. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne rukunin da hoto ya nuna sun tsuke da kashi 75 ko fiye: cikin rassa 73, guda 20 ne kacal awo ya tabbatar suna da ƙarancin jini. Sauran 53 da an bi hoto da an taɓa su ba gaira ba dalili.

Za a iya cewa waɗancan ƙananan rassa ne, reshen kewaye kuwa babba ne. Kang da abokan aikinta (2014) a cibiyar Asan da ke Seoul sun duba wannan kai tsaye a marasa lafiya 43 da aka shimfiɗa wa raga daga uwa zuwa reshen gaba, waɗanda reshen kewayensu bai tsuke sosai ba kafin aiki. Bayan sanya raga, hoto ya nuna tsukewar da ta wuce rabi a mutum 18, wato kashi 42 cikin 100. Awon matsi kuwa ya faɗi ƙasa da 0.80 a mutum 3 kawai, kashi 7 cikin 100. Binciken ya ƙara da wani abu mai amfani: ana iya hango waɗanda za su shiga matsala tun kafin a sanya raga, ta hoton cikin jijiya. Bakin reshen da filinsa bai kai murabba'in milimita 3.7 ba, ko wanda kitse ya cinye fiye da kashi 56 cikin 100 na dukkan filin jijiyar a wurin, shi ne abin tsoro. Wato reshen da ya shiga aikin da lafiyarsa, turewar tsini kaɗai ba kasafai take kayar da shi ba. Wanda take kayarwa shi ne mai tsohuwar cuta a baki, ko da hoton rini bai nuna ta ba.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. A wannan mararraba rabin farko na karin maganar ne ya tabbata, rabi na biyu kuwa ya sha ƙasa, kuma kuskuren idon a ɓangare ɗaya yake karkata, wato ɓangaren zuzutawa.

Me zai hana a gyara duk bakin da ya yi kama da matsattse, don gudun da-na-sani? Dalili shi ne gyaran ba kyauta ba ne. Dole a sake zura waya ta cikin hujin raga, a hura balan-balan a bakin reshen, abin da kan lanƙwasa ragar farko, sai an hura balan-balan biyu lokaci guda a rassan biyu kafin ta daidaita. Hurawar na iya tsaga bangon reshen, tsagewar kuma ta tilasta sanya raga ta biyu. Raga biyu a mararraba na nufin ƙarfe kan ƙarfe a wurin da ya fi kowane muhimmanci a zuciya, da ƙarin rini da ke wahalar da ƙoda, da ƙarin haske mai illa, da ƙarin kuɗi. Kuma bakin reshen kewaye shi ne wurin da aka fi ganin sake tsukewa bayan aikin raga biyu. Binciken DKCRUSH-VI na ƙasar Sin (2015), wanda ya ƙunshi mutum 320 masu cutar mararrabu daban-daban, ya raba su gida biyu, wasu hoto ya ja ragamar aikinsu, wasu awon matsi. Rukunin awo sun sami ƙarancin raga ta biyu, kuma bayan shekara ɗaya yawan matsaloli a rukunan biyu ɗaya ne, kashi 18.1 cikin 100.

6.0 'Yan Tsirarun da Awo Ya Kama

Kuskure ne a fahimci abin da ya gabata da cewa reshen kewaye ba abin kulawa ba ne. Lee da abokan aikinsa (2019) sun bi mutum 83 har shekara biyar bayan an auna tsararren reshensu. Mutum 14 ne awonsu ya kasance 0.80 ko ƙasa. A cikinsu, kashi 33.4 cikin 100 sun gamu da ɗaya daga abubuwa uku: mutuwa ta dalilin zuciya, ko bugun zuciya a yankin jijiyar, ko sake aiki a wurin. A rukunin da awonsu ya haura 0.80, kashi 10.7 ne. Girman tsukewar da hoto ya nuna kuwa bai raba waɗanda suka sami matsala da waɗanda ba su samu ba. Lambar awo ce ta raba su. Wannan ne, a ganin wannan maƙala, sakamako mafi nauyi a fagen, domin ya nuna awon yana tsamo wanda ke cikin haɗari na gaske daga cikin taron waɗanda hotonsu kawai ya munana.

Haɗarin reshen kewaye yana da wata fuska ta ɓoye. Yankin da yake ciyarwa, gefe da bayan zuciya, shi ne wanda na'urar zanen bugun zuciya ta fi kasa gani. Reshen na iya shiga ƙunci, zanen kuma ya fito kusan lafiya. Sannan a wasu mutane, kimanin ɗaya cikin goma, reshen kewaye ne ke ciyar da ƙasan zuciya a maimakon jijiyar dama. A jikin irin waɗannan, fangalin da ke bayan kafar babba ne, kuma matsewar da wani zai ɗauka ba tare da ya ji ba tana iya kayar da su.

Idan kuwa jini ya ragu a fili, rini yana jan ƙafa a reshen ko ya tsaya cak, ko maras lafiya ya fara ciwon ƙirji, babu mai tsayawa neman wayar awo. A nan tsukewa ta kusa zama toshewa, kuma wayar da aka bari a reshen tun farko ita ce ke nuna hanyar komawa.

Sai kuma masu 1,1,1, waɗanda reshen kewayensu ya riga ya kamu. A kansu manyan bincike biyu sun saɓa. DKCRUSH-V, wanda Chen Shao-Liang na Nanjing ya jagoranta (2017), ya ƙunshi mutum 482, ya kuma sami matsala a kashi 5.0 cikin 100 na waɗanda aka shirya wa raga biyu tun farko, da kashi 10.7 na waɗanda aka fara da raga ɗaya. EBC MAIN na Turai, ƙarƙashin David Hildick-Smith (2021), ya ƙunshi mutum 467, ya sami kashi 14.7 ga masu farawa da raga ɗaya, da 17.7 ga masu raga biyu, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Saɓanin ya ragu idan aka duba su wane ne aka yi wa aikin. A binciken Sin, cutar reshen kewaye doguwa ce, wajen milimita 16, kuma kusan rabin waɗanda aka fara da raga ɗaya sun ƙare da biyu. A na Turai tsawonta bai kai rabin haka ba, kuma kimanin ɗaya cikin biyar ne suka buƙaci ta biyu. Wannan ya dace da lissafin gogayya da aka yi a baya: doguwar tsukewa tana cin matsi, gajeruwa ba ta ci sosai.

7.0 Iyakokin Shaidar

Dole a faɗi cewa binciken da suka auna reshen kewaye kai tsaye ƙanana ne. Mutum 43 da mutum 83 ba adadin da za a gina doka a kansa ba ne, kuma rukunin da ya ba da kashi 33.4 mutum 14 ne kawai, inda mutum ɗaya ko biyu ke iya sauya lissafi. An kuma zaɓo su ne daga waɗanda aikinsu ya tafi daidai, jini yana gudu a reshen. Awon kansa yana da nasa cikas. Wayar matsi ba ta kai wayar aiki sauƙin sarrafawa ba, wani lokaci takan ƙi shiga ta hujin raga, tilasta ta kuma na iya jawo tsagewar da ake gudu. Idan tsokar da reshen ke ciyarwa ta riga ta mutu a wani tsohon bugun zuciya, buƙatarta ta ragu, awo zai fito da kyau ko da bakin ya matse ƙwarai. Lambar da aka samu a kan teburin aiki kuma ta wannan sa'a ce, lokacin da bango ke iya kasancewa a kumbure ko a ɗame.

Batun yana da wata alaƙa da masu magana da Hausa ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Mutane da dama daga Arewa kan je Masar ko Indiya a yi musu irin wannan aiki, su dawo da faifan hoto da takardar rahoto cikin Ingilishi. Ɗan'uwan da ya karanta cewa bakin reshen kewaye ya tsuke da kashi 60 cikin 100 bayan aiki zai fassara wa iyali cewa an gyara jijiya ɗaya, ɗaya kuma ta toshe, daga nan a shiga neman kuɗin komawa. Lambar 60 ɗin daga hoton rini ta fito. Abin da ya kamata a nema a takardar shi ne ko an auna matsi a reshen, da lambar da aka samu, da kuma ko an duba bakinsa ta hoton cikin jijiya kafin a sanya raga. Idan an rubuta 0.88, an bar reshen ne da gangan. Idan ba a rubuta komai ba, likitan da ke bibiyar maras lafiyar a gida zai dogara ne ga alamun da yake nunawa da gwajin motsa jiki kafin ya ce a sake shiga jijiyar.